Neman shawara: yarona ya fara koyon fiyano, littafi na faɗin ɗaya malami na faɗin wata

Maman Khalifa, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin kiɗa a taimaka min. Kawun yarona ya kawo masa fiyano, Yamaha mai madannai 61, haɗe da littafin koyo na Turanci. Yaron shekararsa 11. Littafin duk layuka ne da ɗige-ɗige, wasu baƙaƙe wasu farare, wasu har da wutsiya. Na samo masa wani matashi mai aiki a situdiyo yana zuwa ran Asabar, amma shi ya ce a ajiye littafin, da kunne ake kiɗa. Shi do re mi yake koya masa, littafi kuma C D E yake cewa, yaro duk ya rikice. Wanne za mu bi? Sannan na ga a YouTube ana manna haruffa a kan madannan, in manna masa?

Malam Ibrahim, Layout

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya Khalifa. Malamin da littafin ba su saɓa ba, kowa gefe ɗaya ya kama.

Harafi sunan madanni ne, ba ya canzawa. Bakwai ne kacal, daga A zuwa G, sai su sake zagayowa. Ki duba baƙaƙen madannan, za ki ga sun jeru biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagun biyun nan shi ne C a duk inda kika same shi, farin da ke hagun ukun kuma F. Da ya kama waɗannan biyun, sauran lissafi ne.

Do kuwa matsayi ne, kamar a ce maigida. A gidan C, C ne maigida, shi ne do. In waƙa ta koma gidan G, to G ne do, A ta zama re. Abin da ke tsare wannan tsari shi ne tazarar da ke tsakanin sautukan. Daga madanni zuwa na jikinsa, baƙi ne ko fari, rabin taki ke nan, biyu kuma cikakken taki. Do zuwa do ta sama tafiyarta ɗaya ce kullum: cikakku biyu, rabi, cikakku uku, rabi. A gidan C farare zalla ake bi, domin babu baƙi tsakanin E da F, babu tsakanin B da C, rabin takin ya faɗo daidai inda ake so. A gidan G kuwa dole a bar F a hau baƙin da ke damansa, shi ake kira F shaf. Shaf hawa rabin taki ne, filat sauka. Ki sa shi ya fara daga G ya bi farare kawai, da kunnensa zai ji inda ta karkace.

Batun manne-manne, ban ba ki shawara ba. Idonsa zai saba da takarda, ranar da ya zauna gaban fiyanon wani sai ya rasa ta inda zai fara.

Abba Mai Fiyano

Mama, ni dai ina bayan malamin. Mu da ke aiki a situdiyo ba mawaƙin da ke shigowa da takardar layuka. Zai rera maka ne, ka kamo muryarsa, ka ɗora kiɗa. In muryar ta yi sama ko ƙasa akwai maɓallin tiransifos mai ɗaga sautin fiyanon ko sauke shi, ka matsa ka ci gaba da bugawa a inda hannunka ya saba. Ki ce wa Khalifa ya gwada baƙaƙen madannai kaɗai, sautuka biyar ne, waƙoƙinmu da yawa a cikinsu suke yawo. Masu kalangu da gurmi wane littafi suka karanta?

Anti Rifkatu, Sabuwar Unguwa

Abba, kunne gaskiya ne, amma yaron da littafi a hannu, don me za a rufe masa? Mu a mawaƙan coci da do re mi muka tashi, tsarin da ya zo daga Ingila tun ƙarni na 19, amma mai buga fiyano sai ya iya layukan, domin hannu biyu ke aiki lokaci ɗaya.

Maman Khalifa, abin bai kai yadda yake ba da tsoro ba. Layuka biyar ne da fili huɗu a tsakaninsu, kuma daga ƙasa ake ƙirgawa. Ɗigo ya hau, sauti ya yi sama, hannu ya matsa dama. A littafin fiyano za ki ga jeri biyu an haɗe su. Na sama galibi na hannun dama ne, yana da wata alama mai lanƙwasa a farko, tirebul, wadda ta naɗe layi na biyu, layin nan G ne. Na ƙasa na hagu ne, bes, alamarsa tana da ɗigo biyu da suka sa layi na huɗu a tsakiya, shi ne F. Ɗigon da ke rataye tsakanin jerin biyu da ɗan guntun layi ya ratsa shi, C ta tsakiya ke nan, wadda ke kusa da tsakiyar fiyanon.

Yarana na gida da wannan nake haddace musu layukan dama, E G B D F: "E, Gwaggo Binta, dama fura." Na hagu G B D F A: "Gwaggo Binta, dama furar Audu." Suna dariya amma yana zama. Sai dai kar ya dogara da haddar, ya riƙe G, F da C ta tsakiya, ya riƙa taki sama ko ƙasa daga gare su. Rubutun nan ma tsoho ne, wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, shi ya daidaita shi a ƙarni na 11, kuma don mawaƙa ya yi.

Yaya Sada, Daura

Kowa ya yi maganar wane madanni, ba wanda ya taɓo tsawon lokacin da za a riƙe shi, alhali nan ne yara suka fi faɗuwa.

Siffar ɗigon ce ke faɗa. Fari marar sanda, semibirib, bugu huɗu. Fari mai sanda, minim, biyu. Baƙi mai sanda, kurocet, ɗaya. Baƙi mai sanda da wutsiya, kweba, rabin bugu. Ƙaramin ɗigo a damansa na ƙara masa rabin tsawonsa, wato minim mai ɗigo bugu uku ne. Shiru ma yana da alamominsa, kuma ƙirga shi ake yi. Sunayen nan na Ingila ne, su aka fi ji a makarantunmu. 'Yan Amurka da suka cika YouTube suna cewa cikakke, rabi, kwata. Abu ɗaya ne, kar ya ɗauka sabon darasi ne.

Lambobi biyun da ke farkon waƙa, na sama yana faɗin bugu nawa ne tsakanin layukan tsayen da ke yanka waƙar kashi-kashi, na ƙasa kuma wane irin ɗigo ake ƙirgawa. A 4/4 kurocet huɗu, a 3/4 uku. 6/8 kweba shida ne amma a jiki bugu biyu ake ji, kowane an raba shi uku. Wannan kam, ɗan Katsina ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya sha jin irinsa a gidan biki.

Kafin ya taɓa madanni, ya tafa layin da hannu yana ƙirga da baki. Yawancin irin wannan fiyanon suna da abin ƙirga bugu a ciki. Ki sa masa a 60, bugu ɗaya duk daƙiƙa ke nan. Zai yi ƙorafi wai ya yi jinkiri, ki ƙyale shi.

Maman Khalifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gwaggo Binta har ta shiga gidanmu. Saura ƙananan lambobi 1 zuwa 5 da ke saman ɗigon, da wasu p da f a ƙasa, su kuma fa?

Malam Ibrahim

Lambobin yatsu ne Hajiya, babban yatsa 1, ɗan ƙarami 5, a kowane hannu. Ya bi su tun yanzu, yatsa in ya saba da karkace gyaransa wuya. p a hankali, f da ƙarfi, daga Italiyanci suke. Ki duba ko fiyanon na jin nauyin hannu, domin wasu ƙananan ko ka danna a hankali ko da ƙarfi ƙara ɗaya suke bayarwa. Madannai 61 sun ishe shi a yanzu, cikakkiya ce mai 88, farare 52 baƙaƙe 36.

Kada ki sallami malamin. Ki roƙe shi ya raba lokacin, rabi kunne rabi littafi, kuma duk do ɗin da ya buga ya faɗa wa yaro harafinta. Tiransifos ɗin da Abba ya ambata kuma a bar shi tukuna, har sai ya iya gidan C, G da F da yatsunsa.

Abba Mai Fiyano

Malam, na yarda a raba lokacin. Amma Mama ki tambayi malamin a gefe ko ya iya karanta layukan, kar a gaban yaro. In bai iya ba, shi ya riƙe ɓangaren kunne, ke ki zauna da Khalifa kan littafin da abin da Anti da Yaya Sada suka rubuto, shafi ɗaya a mako.