Buga hoton halittun ruwa da hasken rana: abin da kowa ya gani da idonsa

Malamin zane, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Tun bara nake gwada buga hoto ba da kyamara ba, ta hanyar da ake kira sayanotaif, wadda masanin kimiyya John Herschel ya gano a Ingila a 1842. Ana haɗa ruwan sinadarai biyu masu ɗauke da ƙarfe, a shafa wa takarda a ɗaki mai duhu, idan ta bushe a ɗora abin da ake so a kanta, a danne da gilashi, a fitar rana, sannan a wanke. Inda rana ta taɓa yakan rine shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, inda abin ya rufe kuwa ya fito fari. Da wannan hanya Anna Atkins, wata Baturiya masaniyar tsirrai, ta fara fitar da littafinta na ciyayin tekun Birtaniya a 1843. Tunda mu ba mu da teku, sai na nufi madatsar ruwa ta Ajiwa da ke kusa da Katsina na ɗebo kainuwa da gansakuka, amma duk takardar da na buga da tabo take fitowa. Ina roƙon waɗanda suka gwada su taimaka.

Tsohon mai ɗaukar hoto, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma na sha wannan, kuma danshi ne. Ɗigo ɗaya ya isa ya narkar da maganin tun rana ba ta yi aikinta ba. Yanzu nakan shimfiɗa ganyen tsakanin tsofaffin jaridu, in kife turmi a kai har kwana huɗu, ina canza jaridar kullum. Abin da ya fi burge ni shi ne wutsiyar karfasa. Na buɗe ta a kan kwali, na kafe ta da allurai har ta bushe ƙayau, da na buga sai ƙayoyin suka jeru farare kamar haƙoran mataji, siririyar fatar da ke tsakaninsu kuma, da yake haske yana ratsa ta, ta ba da shuɗi mai sanyi wanda ban taɓa samun irinsa a ɗakin wankin hoto ba. Tarwada kuwa ba ta yi ba. Farin dunƙule kawai ta bari.

Ɗaliba, Ƙofar Ƙaura:
Baba, Allah Ya ƙara basira. Tawa matsalar ta ruwan wanki ce. Rijiyar gidanmu tana da ɗanɗanon kanwa, ina ji ina gani hoton ya koɗe a cikin roba, har na yi ƙwalla, domin da ƙwanson dodon koɗin teku da yayana ya kawo mini daga Legas na yi shi. Da na matsa lemon tsami kaɗan a ruwan, shuɗin ya tsaya, washegari ma ya ƙara duhu. Sabulu kada ya kusanci takardar. A bazara minti goma a rana ya ishe ni, amma ranar da hazon hunturu ya sauko sai da na ninka.

Malamin zane, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Alhaji, na gode 'yata. Na sa kainuwar ƙarƙashin turmi tun jiya, kuma na yi magana da wani mai sayar da kifi ya ajiye mini wutsiyar karfasa biyu ranar Asabar.