Ina neman shawara kan tsara kaya a motar tafi-da-gidanka

Baban Aisha:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni da maiɗakina mun sayi tsohuwar motar tafi-da-gidanka, wato mai wurin kwana da kicin a cikinta, ƙirar Fiat Ducato, muna kuma shirin fita da yaranmu biyu a hutun bazara daga birnin Hamburg na Jamus zuwa Italiya ta Ostiriya. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne wurin ajiya, domin duk abin da motar take da shi bai wuce ƙananan kabad da ke saman tagogi ba, sai durowar kicin, da wani fili a ƙarƙashin kujeru, da kuma babban ɗakin kaya a baya ƙarƙashin gado. Maiɗakina tana son mu tafi da shinkafa da manja da garin tuwo da kayan miya, saboda abincin hanya yana da tsada kuma ba ko'ina ake samun na halal ba. Waɗanda suka riga mu sanin wannan harka, yaya kuke tsara kayanku?

Malam Direba:

Wa alaikumus salam, Baban Aisha. Kafin ka damu da inda kaya za su shiga, ka fara sanin nauyin da motar za ta iya ɗauka, domin a irin waɗannan motoci nauyi ne yake fara ƙarewa, fili kuwa yakan yi saura. Lasisin tuƙi na rukunin B, wato na ƙananan motoci a Turai, bai yarda ka tuƙa motar da iyakar nauyinta ya wuce kilo 3,500 ba, kuma yawancin waɗannan motoci a kan wannan adadi aka yi musu rajista. Ka duba takardar motar, a layin F.2 za ka ga iyakar nauyin da aka amince mata, a layin G kuma nauyinta ita kanta, wanda aka lissafa direba a cikinsa a kan kilo 75. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce rabonku gaba ɗaya, har da maiɗakinka da yara da duk wani abu da mai motar na farko ya ƙara mata daga baya, kamar rumfa ko abin ɗora kekuna.

Ɗakin kayan nan na baya shi ya fi yaudarar mutane. Yana bayan tayoyin baya ne, saboda haka duk kilon da ka ajiye a can yana danna su fiye da nauyinsa, yana kuma rage nauyin da ke kan tayoyin gaba, alhali a Ducato tayoyin gaba ne suke jan motar kuma su ne suke bin sitiyari. A hawan duwatsun Ostiriya wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Shinkafa da gwangwanaye da kayan gyara su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, wato ƙarƙashin kujeru. Kabad na sama na tufafi ne da tawul. Bayan ka gama lodi, ka kai motar sikeli, kowa yana zaune a cikinta, a auna gaba daban baya daban.

Maman Sadiq:

Malam Direba ya faɗi gaskiya, ni kuma zan yi magana a kan kicin. Ka gaya wa Maman Aisha ta juye komai daga buhu da kwalba zuwa robobi masu kusurwa huɗu da murfi mai kamawa, domin masu zagaye suna barin fili a banza a tsakaninsu. Manja yana narkewa idan zafi ya yi, don haka a saka shi a robar da aka tabbatar ba ta yoyo, a kuma tsayar da ita cikin wani ƙaramin bokiti. Daddawa kuwa sai an rufe ta rufi biyu, in ba haka ba tufafi da katifa duk za su ɗauki warinta. Kuka da busasshiyar kuɓewa ba su da nauyi kuma ba a samun su a kantunan hanya, su ne suka cancanci wuri. Shinkafa ana sayar da ita a kowane gari na Italiya, ban ga dalilin ɗaukar buhu ba. Tukwane biyu masu shiga cikin juna sun isa, a sa tsumma a tsakaninsu don kada su yi ta ƙara. Tufafi kuma a zuba su a jaka mai laushi, kowane yaro da kabad ɗinsa, akwati ya zauna a gida.

Abu Hafsat:

Ina da ƙari biyu, Baban Aisha. Akwatin tukunyar gas ba wurin ajiya ba ne, ko da ka ga fili a gefenta, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kuma ramin da ke ƙasan akwatin an yi shi ne don ya fice waje idan ya yi yoyo. Kada a toshe shi da komai. Na biyu shi ne ruwa, wanda kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 100 a cike ya fi babban mutum nauyi. Ku tafi da abin da zai ishe ku alwala da wanke hannu a hanya, ku cika tankin idan kun isa masauki. Sallaya da buta da takalma su kasance kusa da ƙofa, domin abin da ake nema sau da yawa a rana bai kamata sai an ɗaga kujera kafin a kai gare shi ba.

Baban Aisha:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan duba takardar motar yau da dare, sannan in nemi sikeli kafin mu yanke shawara a kan kekunan yara, waɗanda da farko na yi niyyar sakawa a ɗakin kayan baya tare da shinkafar.