Ina so in buɗe shagon furanni a Ejisu, ta ina zan fara?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na samu ɗan jari, kuma ina da niyyar kama shago a Ejisu da ke ƙasar Gana domin sayar da furanni, ganin cewa garin yana kan babbar hanyar Kumasi zuwa Akra kuma gidaje sai ƙaruwa suke yi. Abin da ke damuna shi ne, fure kaya ne mai saurin lalacewa, mutanenmu na zango kuma ba su saba da sayensa ba. Shin wannan sana'a za ta iya riƙe shago a ƙaramin gari?

Hajiya Mai Ado:
Wa alaikumus salam 'yata. Za ta riƙe, amma da sharaɗin kada ki zauna jiran wanda zai shigo ya sayi ɗauri ɗaya, domin a ƙaramin gari cinikin fure yana bin taro ne. Asantawa suna yin bikin mutuwa galibi ranar Asabar, kuma suna sayen zoben furanni da ake ajiyewa a kan kabari. Majami'u suna buƙatar ado ranar Lahadi. Mu kuma muna da aure, suna da walima, inda ake ƙawata wurin zaman amarya da teburan baƙi. Saboda haka ki fara da furannin roba masu kyau waɗanda za ki riƙa bayarwa haya, ki wanke su, ki sake amfani da su, sannan ɗanyen fure ya zama sai an yi oda.

Abu na biyu, kada ki sayo ko reshe ɗaya kafin a ba ki kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, aƙalla rabin kuɗin. Na sha ganin an ɗage biki saboda rasuwa a dangi, mai shago ta wayi gari da bokitai cike da furen da ya sunkuyar da kai, ganyensa ya yi baƙi, babu mai saye.

Malam na Asawase:
Ina goyon bayan Hajiya, sai dai zan ƙara batun ajiya. Yawancin furen wardi da ake gani a manyan shaguna daga Kenya ake kawo shi ta jirgin sama zuwa Akra, sannan ya biyo mota zuwa nan, wato kafin ya iso hannunki ya riga ya ci wani ɓangare na kwanakinsa, kuɗinsa kuma yana hawa duk lokacin da darajar sidi, kuɗin Gana, ta faɗi. Idan ya iso, ki yanke gindin kowane reshe a karkace da wuƙa mai kaifi, ki cire ganyen da zai nutse cikin ruwa, ki riƙa canja ruwan kullum. Kada ki kama shago kusa da mai sayar da ayaba ko mangwaro, domin iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa idan suna nuna tana sa fure ya yi saurin yaushi. Firiji yana taimakawa, amma kin san halin wutar lantarkinmu, ga busasshiyar iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu.

Ni a ganina, shuke-shuken tukunya sun fi aminci, tunda wanda ba a saya yau ba girma zai ƙara, kuma masu sababbin gidaje suna nemansu.

'Yar Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, yaya batun ranar 14 ga Fabrairu, wato ranar masoya, wadda na ji ana cewa ita ce babbar kasuwar masu fure?

Hajiya Mai Ado:
Ana ciniki a ranar, musamman da yake Gana ta mai da ita Ranar Cakulan ta Ƙasa, don haka ki haɗa fure da cakulan a ƙunshi ɗaya. Haka ma Ranar Iyaye Mata, wato Lahadi ta biyu a watan Mayu. Amma a shekararki ta farko ki karɓi oda ta WhatsApp tun mako biyu kafin ranar, ki sayo daidai abin da aka biya, ki ƙara kaɗan kawai saboda masu wucewa.