Binciken da kamfani ke yi wa kansa: kariya ce ga talaka ko cika takarda?

Injiniya (Dakace): Assalamu alaikum 'yan zaure. A zamanmu na ranar Asabar, Barista ya ce idan aka wajabta wa manyan kamfanoni su riƙa bincika illar da harkokinsu ke iya yi wa ma'aikata da maƙwabta da muhalli tun kafin ɓarna ta auku, talaka zai samu kariya. Lokacin sallah ya katse mu ban ba shi amsa ba. Ni dai a ganina cika takarda ne kawai. Na yi shekara shida a wata masana'anta, kuma duk ranar da masu duba aiki za su zo, tun da asuba ake buɗe sito a raba wa leburori sababbin hulunan kwano da takalman aiki, a cire kwaɗon da ke ƙofar gudun gobara, a yashe kwata. Kafin la'asar an tattara komai an mayar, har safar hannu sai an ƙirga. A Karachi ta Pakistan ma, masaƙar da gobara ta kashe mutum fiye da 250 a cikinta a watan Satumba na 2012, makonni kaɗan kafin nan aka ba ta takardar shaidar cika ƙa'ida.

Barista (Kongo): Wa alaikumus salam. Yaya Injiniya, ban musa abin da idonka ya gani ba, sai dai ziyarar yini ɗaya ka kwatanta, ba ita nake nufi ba. Ƙa'idojin da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2011, waɗanda Farfesa John Ruggie ya jagoranci tsarawa, sun ɗora wa kamfani ya gano inda zai iya cutar da mutane, har a wurin masu kawo masa kaya, ya toshe kafar, ya bi sawu ya ga ko matakin ya yi aiki, kuma ya gyara ɓarnar da ya jawo. Na yarda cewa da farko abin na ganin dama ne, amma Faransa ta mayar da shi doka a 2017, ta Jamus ta fara aiki a 2023, Tarayyar Turai kuma ta zartar da tata a 2024, ko da yake daga baya an jinkirta ta, an kuma rage mata kaifi.

Hajiya (Sabon Gari): Barista ɗana, ku da kuke karanta doka ba ku ganin inda nauyin yake sauka. Ni hatsi nake saye ina tarawa. A 2015 Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwarin da ake zuba masa a ajiya, kuma wannan laifinmu ne, ban kare kowa ba. Amma bana wani kamfani ya aiko mini da takarda mai shafi goma sha biyu, yana tambayar gonar da kowane buhu ya fito, da maganin da aka fesa, da ko yara sun yi aiki a gonar. Ni kuwa mudu-mudu nake haɗawa daga kasuwannin Giwa da Soba da Maƙarfi. Bai ƙara mini ko kwabo a kan farashi ba, bai turo wanda zai koya wa manoma ajiya ba. Da na kasa cikewa sai ya koma wurin babban dillali. Shi ya wanke hannunsa, ni na rasa ciniki, wake kuma yana nan da maganinsa.

Barista (Kongo): Hajiya, wannan ƙorafi yana kan hanya, kuma su kansu ƙa'idojin sun ce yanke hulɗa shi ne mataki na ƙarshe, bayan kamfani ya gwada taimaka wa mai kawo masa kaya ya gyara. Wanda ya aiko miki takardar ya ɗauki abin da ya yi masa sauƙi ne ya bar sauran.

Malam (Ƙofar Doka): Asalin maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin hadisi ya tabbata cewa babu cuta babu cutarwa, kuma wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a shi ke da lamunin abin da ya faɗa ciki. Tambayata ga Barista ita ce: a 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Babu babban kamfani a can. Wa zai yi binciken?

Barista (Kongo): Allah ya gafarta Malam, zinariyar ba a Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, take kwana ba, akwai matatar da take ƙarewa a hannunta, kuma ita aka ɗora wa tambayar inda kayanta suka fito. Amma bari in koma kan Yaya Injiniya, domin takardar da yake rainawa ita ce ta zama igiyar ɗaure masu ita. A 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba mutanen Zambiya fiye da 1,800 damar ƙarar kamfanin Vedanta a Landan kan gurɓata ruwa da reshensa mai haƙar tagulla ya yi, kuma cikin abin da ta dogara da shi akwai rahotannin da uwar kamfanin ta wallafa da kanta tana cewa tana sa ido a kan rassanta. A 2021 kotun ta bi wannan sawu a ƙarar da mutanen Ogale da Bille na jihar Ribas suka kai kamfanin Shell, kuma a shekarar ce kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague ta umarci reshen Shell na Nijeriya ya biya manoman Neja Delta diyyar malalar mai. Kamfani yana iya rubuta alkawari don ado, amma ranar shari'a lauya zai karanto masa shi layi-layi.

Ɗaliba (Samaru): Iyayena, ku ba ni dama in ƙara abu ɗaya. Mu ma muna da doka tun 1992, bayan dattin masana'antu mai guba da aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, wadda ta hana fara babban aiki sai an auna illarsa ga muhalli, kuma ana ajiye rahoton kwana 21 na aiki domin jama'a su duba su yi ƙorafi. Na tambayi masu noman rani a bakin kogunan Kubanni da Galma, ban samu ko mutum ɗaya da ya taɓa jin wannan dama ba, balle ya karanta rahoto mai kauri da aka rubuta da Turanci.

Injiniya (Dakace): Barista ƙanena, na karɓi maganar kotu, ban san takardar tana cizon mai ita haka ba. Sai dai ka duba tsawon jiran. Man Shell ya malala a garin Bodo na jihar Ribas a 2008, ba a biya fam miliyan 55 ɗin sulhu ba sai 2015, kuma sai da lauyoyin Landan suka shiga. Abin da na ga ya yi aiki da sauri shi ne yarjejeniyar Bangladesh bayan ginin Rana Plaza ya rufta a kan mutum fiye da 1,100 a 2013, domin ƙungiyoyin ƙwadago sun sa hannu, injiniyoyin da ke dubawa ba ma'aikatan masaƙa ba ne, kuma kamfanin da ya saɓa ana iya kai shi gaban masu sasanci a yanke masa hukunci. Leburan da na bari a masana'antarmu 'yan kwantiragi ne, ba su da ƙungiya, wanda ya yi magana gobe ba zai ga sunansa a bakin ƙofa ba. Ka zo da kwafin dokar 1992 ranar Asabar, Hajiya kuma ta zo da takardarta mai shafi goma sha biyu, mu ga wace tambaya ce a ciki ta shafi kamfanin da ya aiko ta.