Wai fari ne ke kashe bishiyar kwari ta Namibiya?

Ɗan Maraɗi: Salam jama'a. Jiya na ga hoton wata bishiya ta Namibiya da Afirka ta Kudu, kokerboom suke ce mata, wato bishiyar kwarin kibau, dangin alobera ce amma ita tana tashi sama har mita 7. Wai IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta saka ta cikin tsirrai masu rauni saboda fari. Ni fa ban yarda ba. Abin da ya fito a kan dutse cikin hamada, ganyensa dam da ruwa, ta ina fari zai kashe shi? Aguwar da muke shinge da ita ma ka datse ka soka a rairayi ta kama. Neman kuɗin bincike ne kawai.

Malamar Bayoloji: Wa alaikumus salam. Haba ƙanena, raƙumi ma ƙishirwa na kashe shi in ta yi yawa. Bishiyar nan tana da dabara kam, rassanta akwai wata farar hoda da ke mayar da hasken rana, in abu ya yi tsanani kuma sai ta yar da wani reshe ta toshe wurin don ta rage ɓarnar ruwa, amma ai in ka ga mutum na sayar da kayan ɗaki ka san babu ce ta kama shi. A 2007 Wendy Foden da abokan aikinta sun fitar da bincike, sun bi wuraren da take tun daga arewa wajen dutsen Brandberg a Namibiya har kudu, suka tarar matattun sun fi yawa a arewa inda zafi ya fi, na kudu kuma suna lafiya.

Baba Mafarauci: Me ya haɗa ta da kwari kuma?

Malamar Bayoloji: Baba, mutanen San, mafarautan asali na kudancin Afirka, su ne ke rarake reshenta su zuba kibau, cikinsa laushi gare shi. Daga nan sunan ya fito.

Baba Mafarauci: Madalla, ashe 'yan uwa ne. Ku ci gaba.

Injiniya: Malama ki yi haƙuri amma ba ki ƙarasa labarin ba. Bayan wancan binciken wasu daga Jami'ar Cape Town, su Sam Jack da Timm Hoffman, sun sake bin sawu, a 2016 suka ce a dakata tukuna. Hujjarsu ita ce a wuri mai bushewa kututture ba ya ruɓewa da wuri, zai iya shekara da shekaru a tsaye, to in ka zo yau ka ƙirga gawa ka ce duka na bana ne ai ka yi kuskure, wata tun zamanin kakanni ta mutu. Sun kuma nuna iska mai ƙarfi na tuge su tunda saiwarsu ba ta nisa ƙasa, ga gwaggon biri na karya rassa.

Ɗan Maraɗi: Yauwa! Allah ya biya ka Injiniya. Kun ji ko?

Injiniya: A'a kar ka jingina da ni, ban ce lafiya lau take ba. Cewa na yi ƙirga gawa ba ya isa hujja.

Malamar Bayoloji: To na yarda da wannan, mu bar matattu mu duba yara. Babbar da ta tara ruwa a jiki za ta iya jure shekarun fari, ƙaramar da ba ta wuce yatsa ba fa? Sai an samu ruwa shekara biyu uku a jere take kamawa, galibi a inuwar wani ɗan tsiro ko gindin dutse, akuya ta bi ta kai shi ke nan. Namibiya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fari a 2019, ta sake a 2024. Za ka ga dajin tsofaffi tsaye gwanin sha'awa ana ɗaukar hoto alhali babu magada a ƙasa, kuma bishiya ce mai nawar girma, kafin a farga an yi asarar ƙarni.

Hajiya Mai Fulawa: Ni ku bar zancen fari, ɓarayi fa? Ina sayar da fulawa na san yadda ake hauka kan irin tsirran nan. Tun wajen 2019 ake kwasar ƙananan nan masu kama da tsakuwa, Conophytum, daga yankin Namaqualand na Afirka ta Kudu ana fita da su Asiya da Turai.

Injiniya: Hajiya wannan gaskiya ne amma wani tsiro ne daban, shi a aljihu ake sa shi. Wa zai saɓa bishiya mai mita 7?

Hajiya Mai Fulawa: Ƙananan nata fa? A tukunya ake sa su, ɗana.

Ɗan Maraɗi: To ni tambayata, in har an saka hotonta kan kwabon senti 50 na Namibiya a 1993, ga dajinta kusa da garin Keetmanshoop gwamnati na karewa, me kuma ake so a yi? A bi ta da bokiti ana ban ruwa?

Malamar Bayoloji: Shinge na hana akuya da ɓarawo, ba ya kawo hadari. Kai da ka fara da cewa ƙarya ce, yanzu ka dawo me za a yi.

Ɗan Maraɗi: Ban sauka ba Malama. A kawo min ƙidayar ƙanana ta arewa da ta kudu, in na gani zan ba da haƙuri a nan gaban kowa.

Baba Mafarauci: Kafin nan wani ya turo min hoton kwarin nasu, ina so in ga ko ya kai namu ɗaukar kibiya.