Neman shawara: fentin injin Roadmaster ɗin mahaifina yana ɓarewa

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan babur Honda Roadmaster CD200 da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Mai silinda biyu ɗin nan ne na farkon shekarun 1980. Ya daɗe a jingine a zaure, sai bara na fito da shi aka yi masa aiki, yanzu yana tashi lafiya, ba ya hayaƙi. Abin da ya rage kamanninsa ne. Injin ya yi dabbare-dabbare, wani wurin fari-fari, wani wurin baƙi ƙirin da tsohon mai. Na kai wa wani mai fentin motoci ya fesa masa ruwan azurfa. Ranar da na karɓo gwanin sha'awa, amma ba a jima ba kan silinda ya koma ruwan ƙasa, ya kumbura, yana ta ɓarewa. Ƙarƙashin kafireto kuwa, inda fetur ke ɗan ɗiga, fentin ya narke ya yi danƙo. Na salansa ma tun hawan farko ya ƙone.

Wane fenti ne yake jure zafin inji? Dole sai na sauke injin? Kuma gwangwani iri ɗaya zai yi wa inji da salansa? Ba sayarwa zan yi ba, so nake ya koma yadda na san shi ina yaro.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Fentin jikin mota aka fesa maka, ba a yi shi don wannan zafin ba. Kankare shi za ka yi gaba ɗaya, kada ka ɗora sabo a kansa.

Usta na Panteka:
Amin. Ƙanena, ka natsu ka karanta, don aikin nan ba a fesawar yake ba.

Fenti mai jure zafi iri biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai na inji, wanda za ka ga an rubuta 500°F ko 550°F a jikin gwangwani, wato kusan 260°C zuwa 290°C. Wannan shi ne na silinda da kan silinda da akwatin inji, kuma an haɗa shi ne don ya jure mai da fetur. Akwai kuma na salansa, mai 1200°F zuwa sama, wato kusan 650°C. Ka duba harafin da ke bayan lambar da kyau. Wani zai ga 500 ya ɗauka ma'aunin C ne, ya fesa wa wuyan salansa, kafin ya kai bakin titi ya ƙone.

Kada kuma ka ce bari in sayi mai babbar lamba in yi wa duka. Na salansa ba ya yin tauri sai ya sha wuta sosai, zafin da murfin gefen inji ba zai taɓa kaiwa ba. Sai ya zauna da taushi, fetur na taɓa shi ya goge. Don haka gwangwani biyu za ka saya, kowa da wurinsa. In ka samu VHT ko Rust-Oleum ko Dupli-Color, duk suna yin na inji. In wani suna ka samu a kasuwa, karanta bayan gwangwanin, kada ka tsaya a kan abin da mai shago ya faɗa.

Sauke inji kuwa, ni dai sauke shi nake yi. Yana kan firam ba za ka kai bayan silinda da ƙasa ba, kuma can ne dattin yake. Ba sai ka buɗe cikinsa ba tunda yana aiki lafiya. Cire kafireto da salansa, ka toshe ramukansu da tsumma mai tsabta ka like da salatef na takarda, ka ɗaura tsofaffin fulogi a raminsu.

Sai wanki, wanda shi ne aikin gaba ɗaya. Fara da kananzir da burushi ka fitar da giris, sannan ruwan zafi da omo, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe ƙarau. Bi shi da samfefa mai lamba 320 ko 400 har ƙyallin ya mutu. Tsakanin haƙarƙarin silinda, wato siraran fukafukan nan da ke jere a jikinsa, ka naɗe samfefa a jikin siririn katako ka shiga ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban gajiya, amma farin garin nan da kake gani a jikin alminiyom tsatsarsa ce, in ka bar shi fenti a kansa zai zauna, ba a kan ƙarfe ba. A ƙarshe goge da tina da farin ƙyalle, ka yi ta sauya ƙyallen har ya daina fitowa da baƙi. Daga nan kada ka sake taɓa shi da hannu tsirara.

Yaron Gareji:
Oga, me ya sa zai wahala haka? Ya jiƙa shi a ruwan soda ta masu sabulu, dare ɗaya duk fenti da mai sun fita.

Usta na Panteka:
A'a yaro, kul! Soda tana cin alminiyom. A kan baƙin ƙarfe tana aiki, amma kan silinda da akwatin inji za ta mayar da su toka-toka, ta yi musu ramuka, ta ɓata fuskar da gasket ke zama. Wanda bai san wane ƙarfe ne a hannunsa ba ya sa mayen ƙarfe: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, in bai kama ba, ya nisanta shi da soda. Haka masu feshin yashi. In inji a haɗe yake, kada a kai musu. Yashi kaɗan ya shiga hanyar baƙin mai, ya gama da injin.

Malam Ɗan Fansho:
Ɗana, ni ma na hau irinsa lokacin ina koyarwa a ƙauye, shi ya sa maganar ta taɓa ni. Ra'ayina ya ɗan bambanta da na Usta. Ba ko'ina ke son fenti ba. Murafan gefe guda biyu, in ba su yi ramuka masu zurfi ba, goge su za ka yi. Samfefa da ruwa, daga 400 ka hau 800 ka hau 1200, sannan man goge ƙarfe irin su Autosol. Ƙyallin da alminiyom ke yi da kansa babu gwangwanin da zai ba ka shi, ba ya ɓarewa, kuma nan ne takalmi ke goga kullum, inda fenti ke fara mutuwa. Illarsa dai sai ka riƙa bin sa da tsumma lokaci-lokaci, musamman da damina. Ina ganin tsofaffin babura an shafe su da azurfa tun daga fulogi har kusoshi, raina ba ya so. Babur mai shekara arba'in ya cancanci a bar masa fuskarsa.

Ɗan Gwale:
Na gode Baba, na gode Usta, Allah ya saka da alheri. Murafan zan gwada gogewa. Abin da ban gane ba shi ne firaima, shafin nan da ake fara yi kafin fenti, ana sa ta ko ba a sa? Wani kuma ya ce min fenti a kan haƙarƙari yana sa inji ya riƙa zafi.

Mai Fenti, Sabon Gari:
Malam, a kan alminiyom tsirara ka sa firaima, amma ta kasance mai jure zafi, ta kamfanin da ka sayi fentin in da hali. Firaimar mota ta yau da kullum ita za ta fara dahuwa a ƙasa ta ɗaga na sama. A salansa kuwa ka cire tsatsa har ƙarfe ya fito fari, ka bi abin da gwangwaninta ya ce.

Maganar zafi da gaskiya a ciki. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, ta haƙarƙarin nan yake fitar da zafi. Shafi siriri ba ya hana komai, amma in ka labta har ya taru a lungu, ka rufe masa hanya. Girgiza gwangwani minti biyu, ka tsaya nesa da kamar santimita 25 zuwa 30, hannu yana tafiya. Shafin farko ya zama yayyafi kawai, kana hango ƙarfe ta ciki. Jira minti 10, ƙara wani siririn, jira, sannan na uku mai ɗan kauri. Ka gama duka cikin awa ɗaya. In lokaci ya wuce, irin wannan fentin sai ka jira mako guda kafin ka ƙara, in ba haka ba ya yamutse.

Ka kuma zaɓi ranarka. Da hunturu ƙura za ta zauna a kai yana ɗanye, ranar hadari kuma laima tana sa shi ya dushe. Da hantsi, a inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kada ka ɗora injin a rana ya yi zafi sannan ka fesa, fentin zai bushe kafin ya kwanta. Sa takunkumi, wurin ya zama mai iska, ba kusa da murhu ko mai walda ba.

Usta na Panteka:
Saura gasa fentin, wanda shi ne ya rage tsakaninka da abin da ya faru ƙarƙashin kafireto. Fentin nan ko ya bushe a hannu bai nuna ba sai ya sha zafi. VHT na inji sun ce awa ɗaya a 93°C, ko kuma zafin injin da kansa ya gasa shi. Kada ka kai gidan burodi ko tandar da ake girki, tururinsa guba ne. Bar shi kwanaki ya bushe, ka mayar kan firam, ka tayar a silo minti 10, kashe, ya huce minti 20. Sake tayarwa minti 20, ya huce, sannan ka hau ka zaga kamar rabin awa. Tunda a tsaye ba ya samun iska, ka kunna masa fanka a zagaye na biyu. Salansa za ta yi hayaƙi da wari, kada ka tsorata.

Amma kafin duk wannan, gyara ɗigar kafireton. Ko allurar fulot, mai tsayar da shigar fetur, ce ta ci, ko gasket ɗin kofinsa. Babu fentin gwangwani da zai jure fetur yana ɗiga masa kullum.

Ɗan Maraɗi:
Abu ɗaya da ba a faɗa ba: lambar inji. Like ta da salatef kafin ka fesa, kuma kada samfefa ta bi ta kanta. In fenti ya cike ta ko ta shafe, ranar da aka tsayar da kai a hanya aka gwada da takardu, bayani zai yi tsawo. Bayan ka gama, shafa mata ɗan giris don kada ta sake yin fari.