Ƙofar sitonmu tana buɗewa idan wuta ta ɗauke, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana harkar tsaro. Ni ke kula da wani siton wayoyi da kwamfutoci a Kano, ƙofarsa makullin maganaɗisu gare ta, da kati ake buɗewa. Ƙanena mai karatun tsaron kwamfuta ya dube ta da idon ɓarawo, ya nuna mini ɓaraka biyu.

Katinmu irin mai 125 kHz ne, lamba ɗaya tak yake miƙa wa na'urar ƙofa, ba a ɓoye ta ba. Duk mai Flipper Zero, wata 'yar na'urar aljihu da ke karanta kati, in katin ya shiga hannunsa, zai kwafe shi nan take. Wanda ya saka mana ƙofar ya ce mu koma wani irin kati mai ɓoye bayanansa, MIFARE Classic, alhali tun 2008 masu bincike suka karya sirrinsa. Shin DESFire, nau'in katin MIFARE da ya fi Classic tsaro, ya isa, kuma sai an sauya na'urar ƙofar gaba ɗaya?

Ta biyun ce ta hana ni barci. Wuta ce ke riƙe maganaɗisun, da ta yanke ƙofa ta saki. Akwai batir, amma ba ya kai asuba, kuma wayar da ke ciyar da makullin ta bayan gini ta bi, almakashi ma ya ishe ta. In na sa makullin da ke zama a kulle idan babu wuta, ina tsoron gobara ta rutsa da yaran shago a ciki.

Don Allah wanda ya taɓa haɗa irin wannan, yaya ake yi na ciki ya iya fita da hannu, na waje kuma ya kasa shiga ko da ya yanke waya?